Shantar LEGO mai tafiya da kanta: moton jirgi ko moton Technic da giya?

Abban Yusra: Assalamu alaikum. Tambaya ce ga masu gina jirgin ƙasa da bulon LEGO. Ana son a gina shanta, wato ƙaramin kan jirgin nan mai jera taragu a cikin tasha, tsohon yayi mai shan dizal, kuma ta riƙa tafiya da kanta. Biyu ake dubawa, EMD SW1 ta Amurka da Class 08 ta Ingila. Abin da ke hannu shi ne akwatin batir na Powered Up 88009, rimot 88010 da moton jirgi 88011 guda ɗaya. Dogon na roba ne mai kwanar da aka saba. Wacce ta fi sauƙi, kuma faɗin tudu nawa ya kamata, wato ƙusoshin nan da ke saman bulo?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Abban Yusra, da kayan da ka lissafa SW1 ce taka, domin a kan bogi biyu take tsaye, wato 'yan kekunan da ke ɗauke da tayoyi suna juyawa a kwana, kowanne da aksil biyu, kuma moton jirgi shi kansa bogi ne. Ga lissafin. Daga tudu zuwa tudu a kan bulo milimita 8 ne. Faɗin kan jirgin Amurka kusan mita 3 ne, in ka yi shi tudu 8 ka samu milimita 64, wato ma'aunin 1:48 ke nan. Tsawon SW1 ya kusa ƙafa 45, a wannan ma'auni tudu 35 zuwa 36. Tazarar aksil biyun bogin ta gaske ƙafa 8 ce, ta faɗo a kan tudu 6 da 'yan kai, moton LEGO kuwa tazararsa tudu 6 cif. Sai ka ce don ita aka yi shi.

Kada ka ɗauki ma'auni daga faɗin dogo. Tsakanin dogon LEGO milimita 37.5 ne, na gaske 1435, in ka bi wannan za ka faɗa 1:38, jikin ya koma tudu 10, kayan su ninka, nauyi ya ninka. Yawancin magina sun haƙura da dogon da ya ɗan yi wa jirgin faɗi.

Malam Ɗanjuma: Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ka bar babbar matsalar a baya. Shanta ba jirgin fasinja ba ce. Aikinta ta lallaɓa ta taɓa tarago ba tare da ta banke shi ba, ta ja uku ko huɗu a hankali ta wuce mararraba. Moton 88011 don gudu aka yi shi, ƙafarsa, wato tayarsa, tana juyi sama da 1000 a minti in babu kaya. Kewayen ƙaramar ƙafar kusan milimita 52 ne, ko a juyi 1000 ɗin ka mayar da shi ma'aunin 1:48 ka doshi kilomita 150 a awa. In ka rage shi da rimot zuwa mataki na farko, sai ya tsaya yana kuka bai motsa ba, ka ƙara mataki ɗaya ko biyu kuma ya zabura kamar an tsikare shi. A kwana ya rage, a miƙe ya ƙara. Wannan ba tafiyar shanta ba ce. Ni shawarata, a sa moton Technic, wato na jerin kayan injina na LEGO, da giya.

Injiniya Bala: Ban musa ba, Malam. Amma mai tambaya moto ɗaya gare shi, kuma wannan ne jirginsa na farko a irin wannan. Moton jirgi ba ya tsallen haƙori, ba ya neman a ɗaure shi, a jona wayarsa kawai. Rabin zaburar nan ma rashin nauyi ne ke kawo ta. A ɗora akwatin batir daidai saman bogin da ke da moto, a tabbata zoben robar da ke sa ƙafafun kama dogo yana nan, a saka bulon nauyi 73090 mai kusan giram 50 a kusa. Ɗaya bogin kuma a yi shi da ƙafafu masu sakin jiki, kada ya zama birki.

Malama Rabi: Ku biyun akwai abin da ya kamata ku faɗa masa tun kafin ya kashe kuɗi. Rimot 88010 da akwatin 88009, yadda suka fito daga kamfani, moton jirgi kaɗai suke bai wa matakan gudu goma. In ka jona moton Technic, ba za ka samu matakan ba, ka danna ya tafi da duk ƙarfinsa, ka saki ya tsaya. Shi ya sa kan jirgin LEGO na Crocodile 10277 ta 2020, da aka tsara da moton Technic 88013, sai da manhajar waya ake tuƙa ta.

Maganinsa Pybricks, manhajar da ke maye gurbin ta kamfani a cikin akwatin. Ana ɗora ta a kan akwatin ta Bluetooth daga burauzar kwamfuta, ɗan shirin da ka rubuta ya zauna a cikin akwatin, ya nemo rimot ɗin da kansa, wayar hannu ba ta da sauran aiki. In an gaji ana iya mayar da ta kamfani. Amfaninta babba a nan shi ne 88013 yana da na'urar ƙidayar juyi a cikinsa. Ba ƙarfin wuta za ka ba shi ba, gudu za ka ba shi, misali digiri 200 a daƙiƙa, shi kuma akwatin ya riƙa ƙara wuta ko rage ta don gudun ya tsaya a haka, ko a kwana ko da tarago shida a baya. Moton 88011 ba shi da wannan na'ura. Pybricks za ta ba ka damar fara shi daga kashi 30 cikin ɗari ka riƙa hawa da kaɗan-kaɗan, ya fi na kamfani laushi, amma a kwana zai rage dai.

Abban Yusra: Na gode Malama. To in aka bi shawarar Malam Ɗanjuma, yaya ake kai juyi daga moton Technic zuwa bogin da shi ma yake juyawa a kwana?

Malam Ɗanjuma: Ta tsakiyar bogin. Moto yana kwance cikin murfin inji. A bakinsa giya mai kaifin gefe haƙori 12, lamba 6589, ta haɗu da mai haƙori 20, lamba 32198, a kan aksil da ke tsaye. Wannan aksil mai tsayuwa shi ne kuma madogarar da bogin ke juyawa a kai. A ƙasa ya bai wa aksil na kwance da ke bin tsawon bogin, shi kuma ya raba wa ƙafafun gaba da na baya da giya mai haƙori 12 a kowane baki.

Wurare uku ake faɗuwa. Giyar da ke kan aksil na gaba in tana dama, ta baya dole ta zauna hagu. In ka sa su gefe ɗaya ƙafafun gaba za su ja gaba, na baya su ja baya, jirgin ya tsaya yana kakkarwa. Sai girman giya: ƙaramar ƙafar jirgi faɗinta bai kai milimita 17 ba, giya mai haƙori 20 ta fi ta, saboda haka za ta daki dogo a mararraba. A kan aksil ɗin ƙafa 12 kaɗai ke shiga, duk rage gudun da za ka yi a sama za ka yi shi. Na ukun shi ne wanda ba a gani sai an ɗora kaya. Aksil mai tsayuwa yana murɗa bogin kansa zuwa gefe ɗaya, in kayan sun yi nauyi leɓen ƙafa, wato gefen da ke riƙe ta a cikin dogo, ya hau dogo a bakin mararraba. Ana rage wannan da nauyi a kan bogin, da kuma kada a rage gudun a sama fiye da kima, don aksil mai tsayuwa ya yi juyi da sauri ba da ƙarfi ba.

Kawu Tanko: Kafin ku yi nisa da giya, a san abin da ake kwaikwaya. SW1 an ƙera ta daga ƙarshen 1938 zuwa 1953, guda 661, da inji samfurin 567 mai silinda 6 da ƙarfin doki 600. Injin gajere ne, shi ya sa murfin bai kai bakin jirgin ba, aka bar fili a gaba da babban akwatin yashi ƙarƙashin lagireto. Bututun hayaƙi ɗaya ne. Wanda ya sa biyu ya kuma ja murfin har gaba, NW2 ya gina, mai silinda 12 da doki 1000. Na farko-farko tagogin gaban ɗakin direba masu baka ne a sama, murfin kuma yana sauka hawa biyu kafin ya taɓa ɗakin. Waɗannan su ne fuskarta, in babu su kowace shanta ce.

Filin gaban nan kuwa shi zai cinye maka wuri. Murfin ba zai wuce tudu 20 da kaɗan ba, akwatin batir ya ci 8, bakin wayoyi ya ci 2, moto 88013 ya ci 8, giya ta ci 2. Ka ga ba sauran numfashi.

Ɗan Zariya: Kawu ya taɓo wurin. Akwatin 88009 faɗinsa tudu 4, tsayinsa bulo 4. In ka kewaye shi da bulo sosai murfin ya zama tudu 6, a jirgi mai tudu 8 saura tudu ɗaya kowane gefe don hanyar tafiya. Yana yiwuwa, amma ya yi ƙiba. Gyaran shi ne a yi bangon da tayil a tsaye, fuskarsa na kallon waje. Kaurin tayil milimita 3.2 ne, akwati 32, jimla 38.4, kusan tudu 5. Ana riƙe tayil ɗin daga gaba da bayan akwatin da bulo mai tudu a gefe, 87087, dogayen tayil su haye tsakani. Ƙa'idar da za ka haddace: faranti 5 a jere daidai suke da tudu 2. Da ita ake sa ginin gefe ya haɗu da na tsaye ba giɓi. Tayil mai raga 2412b shi ne iskar gefen inji, layin da ke tsakanin tayil da tayil kuma ya isa ya nuna ƙofofin murfin.

Abu biyu da ake mantawa sai an gama. Koren maɓallin kunnawa yana saman akwatin, a daidaita bututun hayaƙi ko ƙararrawa a kansa da ɗan sanda mai zamewa, ka danna daga waje. Sauya batir kuma sai an ciro akwatin an kwance noti, don haka rufin murfin a tudu biyu ko huɗu kawai za a kafa shi, ya cire gaba ɗaya.

Abban Yusra: Class 08 fa? Na ga murfinta ya fi faɗi da tsayi.

Injiniya Bala: Ciki ya fi sauƙi, ƙasa ya fi wuya. A nan kam na bi Malam Ɗanjuma, moton jirgi ba shi da wuri, domin aksil uku ne da sandar haɗi a waje, wadda ke haɗa ƙafafun su juya tare. A ma'aunin 1:45 komai yana zama. Faɗinta ƙafa 8 da rabi, tudu 7. Tsawonta ƙafa 29 da inci 3, tudu 25. Faɗin tayarta ta gaske ƙafa 4 da rabi, ta faɗo milimita 30, daidai babbar ƙafar da ta zo da jirgin LEGO na Emerald Night 10194 a 2009. Daga aksil na farko zuwa na uku ƙafa 11 da rabi, tudu 10, wato 5 da 5.

Jeren ƙafafun: mai leɓe, marar leɓe, mai leɓe. Kwanar LEGO tudu 40 ce daga tsakiya, guda 16 ke cika da'ira, ta yi tsanani ƙwarai. In ta tsakiya tana da leɓe jirgin zai cije a kwanar farko. Ko da marar leɓen, tudu 10 ya kusa iyaka, za ka ji moto yana nishi. Wasu suna matse shi zuwa 4 da 4, jirgin ya ɗan gajarta a ƙasa amma ya wuce mararraba lami lafiya.

Malam Ɗanjuma: Gudun kuma a lissafa shi. Class 08 ba ta wuce mil 15 zuwa 20 a awa, kilomita 24 zuwa 32. Moto 88013 yana juyi kusan 300 a minti. Kewayen babbar ƙafa kusan milimita 95. In ka rage sau uku ƙafa ta yi juyi 100, mita 9 da rabi a minti, a ma'aunin 1:45 kusan kilomita 26 a awa. Iyakar gudunta ke nan, kuma duk matakan rimot suna ƙasa da haka, inda ake bukatarsu.

Hanya biyu. 12 zuwa 20 sau biyu yana ba da 1:2.78. Ko 8 zuwa 24 sau ɗaya, 1:3, sai 12 da 12 a kusurwa. In za ka yi amfani da mai haƙori 8, nemi sabuwa 10928, tsohuwar 3647 tana tsagewa. Sanin tazara ba wuya: haɗa haƙoran giya biyun ka raba da 16, ya ba ka tudu. 8 da 24, tudu 2. 12 da 20, tudu 2. 16 da 16, tudu 2, kuma da wannan ta ƙarshe ake saukar da juyi ƙasa in moton ya zauna sama da yawa, ba ta canza gudu.

Ƙarar ƙas-ƙas in an ɗora kaya, ba laifin giya ba ne, bulon da ke riƙe da su ne ke buɗewa. Bulon Technic, faranti biyu, bulon Technic, ramukansu suna tudu 2 cif, sai a kafa sandar Technic a tsaye da fil biyu ta ɗaure su. Tudu kaɗai ba ya riƙe ƙarfin moto.

Malama Rabi: Sandar haɗin ma a yi bayaninta, nan ne mafi yawa suke zargin moto alhali ba ruwansa. Fil ɗin da ke riƙe sandar a duk ƙafafun dama su kalli wuri ɗaya, na hagu su ma wuri ɗaya, amma tsakanin dama da hagu a bar rubu'in juyi, digiri 90. Aksil ɗin LEGO mai siffar gicciye ne, saboda haka taki ɗaya kawai za ka juya. In ka sa su daidai da juna ko kishiyar juna, akwai inda sandunan biyu za su miƙe a lokaci guda, ƙafa ɗaya ta rasa inda za ta bi, ta koma baya ta kulle.

A tazarar 5 da 5, sanda mai rami 11 tana shiga a rami na 1, na 6 da na 11, amma kaurinta tudu guda ne, ta yi muni. Siririya mai rami 6, lamba 32063, guda biyu kowane gefe, su haɗu a ƙafar tsakiya. Fil kuma mai santsi, toka-toka 3673 ko gajeren 32002. Baƙin fil 2780 mai cizo ne, guda ɗaya ya isa ya rage ƙarfin moton. Aksil ɗaya kawai za a bai wa giya, sanduna su kai wa sauran. In ka bai wa biyu giya ga kuma sanda, 'yar sakin da ke cikin haƙora za ta sa su faɗa da juna.

Kawu Tanko: Sai dai a sani, Class 08 ta gaske firam ɗinta a waje yake, ƙafafun suna ciki a ɓoye, abin da ake gani yana juyi hannu ne da aka kafa a bakin aksil. Guda 996 aka yi daga 1952 zuwa 1962, da injin English Electric mai doki 350, kuma har yau wasu suna aiki. Wanda ya bar ƙafafun a fili da sanda a jikinsu ya fi kusa da V60 ta Jamus.

Ɗan Zariya: Gaskiya ne Kawu, amma a ƙirga. Ƙafafun sun ci tudu 6, firam rabin tudu kowane gefe, hannu rabi, sanda rabi, ta tsakiya ma biyu ne a kan juna. Ka kai tudu 9 zuwa 10 a ƙarƙashin jiki mai tudu 7, za ta daki sandar canjin layi da bakin dandamali. Ni a ganina a bar firam ɗin wajen, a rufe saman ƙafafun da akwatunan gefe da matakala, ido ba ya neman abin da ya wuce haka in tana tafiya.

Kawu Tanko: Ido na wa? Wanda ya san ta, daga nesa zai gane. A yi jikin tudu 8 a huta.

Abban Yusra: Na taɓa jin an ambaci shantar kamfanin GE mai tan 44. Ita ba ta fi ƙanƙanta da sauƙi ba?

Injiniya Bala: Ƙanƙanta ita ce wahalar. Yarjejeniyar 1937 a Amurka ta ce kan jirgin da ya kai fam 90,000 sai da mataimakin direba, GE ta yi nata fam 88,000. Ɗakin direba a tsakiya, gajerun murfi biyu gaba da baya, babu wanda zai ɗauki akwatin 88009. Ko akwatin ya cika ɗakin ya toshe tagogi, ko a koma kayan Circuit Cubes, na wani kamfani dabam, mai batir tudu 4 da 4 da ɗan moto tudu 2 da 4. Yana shiga, amma kada a sa ran jan dogon layin taragu.

Malama Rabi: Ƙarin abu kan roba da batir. A mai sandar haɗi, aksil ɗaya ya isa a sa wa roba. Ƙafar dama da ta hagu a kulle suke a aksil guda, a kwana ta waje tana da tafiya mai tsawo, dole ɗaya ta ɗan zame. In duk sun kama dogo gam, moton ne zai biya. Batir masu caji guda shida bolt 7.2 suke bayarwa maimakon 9, ga shanta wannan ba asara ba ce.

A wajenmu kuma ƙurar hunturu da zare su ne abokan gaba. Suna naɗewa a aksil tsakanin ƙafa da firam, jirgin ya riƙa rage gudu ba a san dalili ba. A cire ƙafa a share. A bar 'yar tazara kamar kaurin takarda tsakanin ƙafa da firam, kada a matse. Man inji ko na feshin kwance noti kada ya kusanci bulo, yana sa roba ta tsage. In dole ne, ɗigon man silikon a haƙoran giya. Robar ƙafa kuma zafi yana busar da ita, in ta fara sheƙi a sauya.

Malam Ɗanjuma: Mahaɗin taragu, tunda SW1 aka fi karkata. Maganaɗisun a jikin bogi za a kafa shi, ba a jikin firam ba. Jirgi mai tudu 36 in ya shiga kwanar 40 bakinsa yana fita waje sosai, maganaɗisun da ke kan firam zai ja taragon farko ya kayar da shi. Matakalar kusurwa ma a gwada, bogin yana dukanta. Hanyar gwaji: firam, bogi, moto da batir kawai, ba jiki, a bi da shi kwana biyu masu saɓa wa juna a jere da mararraba, gaba da baya, da tarago huɗu, ja da turawa. Turawa ce ke tona asiri. Sai ya wuce wannan sannan a zana jikin a Studio, manhajar zana ginin LEGO a kwamfuta, a sayi kaya.

Abban Yusra: To an tsaya a kan SW1, tudu 8. Za a fara da 88011 da Pybricks tunda yana hannu, amma a bar wurin tudu 10 a cikin murfin saboda 88013 daga baya. Tambaya ta ƙarshe, Injiniya: ramin da fil ɗin moton jirgi ke shiga a firam, shi ne aksil mai tsayuwa zai bi in an sauya?

Injiniya Bala: Shi ne, in ka yi wurin da farantin Technic mai rami tun yanzu, ka kuma bar saman ramin fili tudu 3 da 3 don giya mai haƙori 20. Wayar 88011 kuma ka fitar da ita ta wani rami dabam, tudu 2 da 2, ta ɓangaren tsakiyar jirgin, da ɗan saki. In ta yi tauri ita ce za ta hana bogin juyawa a kwana.